Daga "Shen" Zuwa Ƙoda: Nazarin Magungunan Itatuwa na Ƙasar Sin da Abin da Ya Shafi Manoman Ƙasar Maska

Tsakure

Wannan takarda ta dubi magungunan itatuwa na ƙasar Sin waɗanda ake dangantawa da lafiyar ƙoda, ta auna su da yanayin manoman yankin Funtuwa da Malumfashi. Ta nuna cewa abin da likitancin Sinawa na gargajiya ke kira "shen" ba daidai yake da ƙodar da likitan asibiti ke aunawa ba, kuma ruɗanin da fassara ta haifar a nan shi ne jarin mai talla. Ta kuma nuna cewa dangin tsiron da ya lalata ƙodar mutane a Beljiyam da ƙasar Sin yana cikin kayan maganin Hausawa da sunayensa na gida.

1.0 Gabatarwa

Maska tsohon gari ne da ya yi suna a saƙa da rini, kuma har yau hakimin Funtuwa sarautarsa yake ɗauke da ita, wato Sarkin Maska. A wannan takarda, "ƙasar Maska" na nufin yankin noman da ya taso daga Funtuwa ya bi ta Bakori da Ɗanja da Ƙafur zuwa Malumfashi, inda masara da dawa da auduga da waken suya suke riƙe da tattalin arzikin jama'a. A kasuwannin wannan yanki mai neman magani yana da zaɓi da yawa: akwai 'yar mai ganye da tarkacenta, akwai mai mota da lasifika, akwai kemis, akwai kuma kafso da ganyen shayi na kwali masu rubutun Sinanci, waɗanda suke shigowa ta hannun 'yan kasuwa da wakilan kamfanonin da ke sayarwa hannu da hannu. Daga cikin abin da ake cewa waɗannan kaya suna yi akwai "ƙarfafa ƙoda" da "wanke ƙoda".

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi uku. Wace ƙoda ce likitancin Sinawa ke nufi? Me bincike ya tabbatar game da fitattun itatuwansu? Wane darasi ne tarihin waɗannan magunguna ke da shi ga mai bayarwa da mai sha a ƙasar Maska?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Tsiron ƙasar Hausa ya samu kulawar masana tun da wuri. J. M. Dalziel ya fitar da ƙamus na sunayen itatuwa da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya wallafa babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Lewis Wall (1988) ya yi nazarin yadda Bahaushe ke fahimtar cuta da lafiya, Nina Etkin da Paul Ross suka nuna yadda abinci da magani suke shiga juna a karkarar Kano, Aliyu Muhammad Bunza (1995) kuwa ya bi diddigin magungunan Hausa da ke rubuce a hannun malaman tsibbu.

Ayyuka biyu sun fi kusa da wannan takarda saboda a yankin aka yi su. Na farko shi ne na Murray Last (1981), wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi. Ya lura cewa jama'a da dama, har da wasu masu ba da magani, ba su san dalilin aikin magani ba, kuma ba su damu su sani ba. Abin da ake nema shi ne a samu sauƙi. Na biyu shi ne shirin binciken cututtukan Malumfashi na shekarun 1970, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka gudanar. A ƙarƙashinsa Pugh da Gilles suka yi rubuce-rubuce kan tsargiya, aka kuma yi nazarin saran maciji a yankin.

A ɓangaren likitancin ƙoda, Kadiri da abokan aikinsa a Ibadan sun ba da rahoto a shekarun 1990 cewa haɗe-haɗen gargajiya suna cikin manyan musabbaban gazawar ƙoda ta farat ɗaya a marasa lafiyar da suka duba. Waɗannan ayyuka duk sun gabaci yawaitar kayan Sin a kasuwannin karkara, don haka akwai buƙatar a haɗa zarensu da abin da aka rubuta a kan magungunan Sinawa.

3.0 Hanyar Nazari

An yi amfani da hanyar nazarin rubuce-rubuce da kwatanci. An duba rukuni uku na ayyuka: bayanan likitancin Sinawa na gargajiya, rahotannin gwaje-gwajen asibiti, da ayyukan da suka tattara sunayen tsirrai da Hausa. An ɗauki sunan kimiyya na kowane tsiro a matsayin ma'auni, domin shi kaɗai ne ba ya sauyawa daga gari zuwa gari. Don sauƙin bayani an yi amfani da waɗannan keɓaɓɓun kalmomi: "matatai" ga ƙananan sassan ƙoda masu tace jini, "ƙarfin tacewa" ga adadin jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya, da "yoyon furotin" ga fitar sinadarin gina jiki a cikin fitsari.

4.0 Nazari

4.1 Ƙodar Likita da "Shen" na Sinawa

A ilmin likitanci na zamani ƙoda gaɓa ce guda biyu, kowace na ɗauke da matatai kusan miliyan ɗaya. A kullum suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba a matsayin fitsari. Ana cewa mutum na da ciwon ƙoda mai daɗewa idan lahanin ya wuce wata 3, ko ƙarfin tacewa ya sauka ƙasa da 60 tsawon wannan lokaci. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna mutum miliyan 697.5 ne ke da wannan ciwo a duniya a shekarar 2017, kuma ya kashe miliyan 1.2 a shekarar. Abin lura shi ne ciwon ba ya yin zafi a farkonsa. Awon jini da na fitsari ne ke tona shi.

"Shen" wani abu ne daban. A littafin Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, shen ma'ajiya ce ta ainihin ƙarfin rayuwa. Ita ke kula da girman yaro, da haihuwa, da ƙashi da ɓargo, da ji, da gashin kai, da tafiyar ruwa a jiki. Idan likitan gargajiya na Sin ya ce shen ɗin mutum ta yi rauni, alamomin da yake dubawa su ne ciwon ƙugu, sanyin gwiwa, ƙarar kunne, yawan fitsarin dare, furfurar wuri da raunin mazakuta. Mutum na iya tara waɗannan duka alhali ƙodarsa lafiya lau take a awon asibiti. Haka kuma wanda ƙodarsa ta kusa tsayawa yana iya rasa ko ɗaya daga cikinsu.

Fitaccen haɗin nan mai suna Liuwei Dihuang Wan misali ne mai kyau. Itatuwa da saiwoyi shida ne a cikinsa, jagoransu saiwar Rehmannia. Wanda ya tsara shi, Qian Yi, likitan yara ne na zamanin daular Song, kuma littafin da ya ƙunshi haɗin ya fito a 1119. Yaran da girmansu ke tafiyar hawainiya aka yi wa shi tun asali. A yau ana sayar da shi a faɗin duniya da sunan maganin ƙoda.

Matsalar ta faro ne daga fassara. An juya shen zuwa Ingilishi da kalmar da ke nufin gaɓar nan ta jiki, daga nan mai talla ya juya ta zuwa Hausa ya ce ƙoda. Da ta iso kasuwa sai ta tarar da wurin zama a shirye, domin alamomin raunin shen su ne dai waɗanda Bahaushe ya saba jingina wa sanyi da basir: ciwon baya, kasala, raunin iyali. Manomin da ya wuni a duƙe yana noma, ƙugunsa ya riƙe, da ya ji an lissafa waɗannan sai ya ga da shi ake.

Akwai ruɗani na biyu wanda namu ne na gida. Hausa ta sanya wa aikin na'urar da ke tace jinin wanda ƙodarsa ta gaza suna "wankin ƙoda". Mai lasifika shi ma "wanke ƙoda" yake cewa garinsa na yi. Kalma ɗaya ta ɗauki aiki biyu da ba su haɗa hanya ba, kuma mai sauraro na iya zaton na kwalba zai iya maye gurbin na asibiti, tunda ya fi araha nesa ba kusa ba. Na'urar ma ba ƙodar take wankewa ba, jini take tacewa. Babu wani jiƙo ko tsimi da ke wannan aiki.

4.2 Abin da Gwaji Ya Nuna

Ba daidai ba ne a yi wa likitancin Sinawa kuɗin goro. Daga tsiron qinghao, ɗan'uwan tazargade, Tu Youyou ta fitar da sinadarin da ake maganin zazzabin cizon sauro da shi a yau, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin tambaya shi ne ko an samu irin wannan a fagen ƙoda.

Saiwar huangqi, wato Astragalus membranaceus, ita aka fi yi wa gwaji. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2014 ta tattara gwaje-gwaje 22. An ga alamun raguwar yoyon furotin idan aka haɗa ta da maganin asibiti, amma masu bitar sun ce ingancin gwaje-gwajen ya yi ƙasa, kuma ba su nuna ko saiwar na hana kaiwa ga wankin ƙoda ko mutuwa ba. Kusan hukuncin da aka yanke wa wani maganin Sinawa mai suna Cordyceps ke nan a shekarar. Tsiron leigongteng yana rage yoyon furotin, sai dai yana taɓa hanta, yana kuma raunana haihuwa ga maza da mata, shi ya sa ba a shan sa sai a hannun likita. Gancao, saiwar nan mai zaƙi da ake sakawa a haɗe-haɗe da yawa, tana ɗaga hawan jini idan aka daɗe ana sha, hawan jini kuwa na gaba-gaba wajen kashe ƙoda.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne na furen Abelmoschus manihot, ɗan'uwan kuɓewa na jini. A 2014 wata mujallar cututtukan ƙoda ta Amurka ta buga sakamakon gwajin da aka yi wa marasa lafiya fiye da 400 a asibitocin Sin na tsawon mako 24, inda kafson furen ya rage yoyon furotin. To amma a dubi sharuɗɗan: an tabbatar da nau'in cutar kowane mutum kafin a fara, ƙodarsu ba ta yi nisa da lalacewa ba, an san adadin abin da ke cikin kowane kafso, likitoci kuma na bibiya. Ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba ya cika a kan teburin mai talla.

4.3 Darasin Brussels da Duman Dutse

A farkon shekarun 1990 likitoci a Brussels, babban birnin Beljiyam, suka fara ganin mata masu ƙuruciya da ƙodarsu ke ƙanƙancewa cikin hanzari. Vanherweghem da abokan aikinsa suka bayyana lamarin a Lancet a 1993: dukkansu sun sha wani haɗin rage ƙiba a asibiti ɗaya. A takarda, haɗin na ɗauke da Stephania tetrandra, wanda Sinawa ke kira han fang ji. Abin da aka zuba a zahiri shi ne Aristolochia fangchi, mai suna guang fang ji. Sunaye biyu masu kama da juna, saiwoyi biyu masu kama da juna idan sun bushe. Fiye da mutum 100 suka kamu. A 2000 Nortier da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa daga cikin 39 da aka yi wa tiyatar rigakafi, an samu ciwon daji na hanyar fitsari a jikin 18.

Dafin da ya yi wannan aiki shi ne sinadarin aristolokik. A ƙasar Sin kanta an sake ganin irinsa a haɗin Longdan Xiegan Wan, inda guan mu tong ya maye gurbin mu tong, har hukuma ta haramta guan mu tong a 2003, ta bi da guang fang ji a 2004. Daga baya aka gano cewa tsohon ciwon ƙodar da ya addabi ƙauyukan yankin Balkan shi ma daga wani Aristolochia ne da ke fitowa a gonakin alkama, irinsa na shiga cikin gari. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya sinadarin a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan'adam. Lahaninsa ba ya warkewa, kuma yana iya ɓoyewa shekaru kafin ya bayyana, ta yadda mai sha ba zai taɓa danganta ciwonsa da abin da ya sha ba.

Wannan dangi na tsiro ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ayyukan da suka tattara sunayen itatuwa sun kawo Aristolochia albida da Aristolochia bracteolata da sunayen duman dutse, gaɗaukuka da maɗacin ƙasa. Ana amfani da saiwarsu mai ɗaci wajen ciwon ciki, zazzabi, tsutsar ciki da saran maciji, kuma an tabbatar da sinadarin aristolokik a cikin Aristolochia bracteolata. A yankin da binciken Malumfashi ya nuna yawan saran maciji a tsakanin manoma, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne, domin dafin maciji kansa na iya taɓa ƙoda, sai kuma a bi shi da saiwar da ke ƙara mata nauyi.

Tarkon suna ma yana nan. Maɗaci itace ne babba, Khaya senegalensis, wanda ake jiƙa ɓawonsa. Maɗacin ƙasa tsiro ne mai yaɗo wanda ba su haɗa dangi ba ko kaɗan; ɗaci kawai ya haɗa su. Tazarar da ke tsakanin sunayen biyu ba ta fi wadda ke tsakanin han fang ji da guang fang ji ba. Idan an daka an mayar gari an ƙulla a leda, ko wanda ya gaji sana'ar ba zai rantse da abin da ke ciki ba, balle ɗan talla da ya saro. A nan ne abin da Last ya lura da shi a Malumfashi, wato rashin damuwa da sanin abin da ke cikin magani, yake zama haɗari na zahiri.

4.4 Nauyin da Ke Kan Ƙodar Manomi

Kafin kowane ganye ya shigo, ƙodar manomin wannan yanki tana ɗauke da kaya. Hawan jini da ciwon suga suna cikin manyan musabbabai a nan kamar ko'ina, ga sikila, ga tsargiya wadda idan ta daɗe takan toshe hanyar fitsari ta kumbura ƙoda. Aikin rana cikin zafin bazara ba tare da isasshen ruwan sha ba yana rage jinin da ke isa ga matatai. Maganin feshi na kashe ciyawa, musamman paraquat, dafi ne ga ƙoda idan ya shiga jiki, kuma sau da yawa ana fesa shi ba safar hannu ba takunkumi. Da yamma kuma sai a biya kemis a ce a haɗa maganin gajiya, a haɗo diclofenac da ibuprofen a ƙulli ɗaya, alhali su biyun aiki iri ɗaya suke yi kuma dukkansu suna takura ƙodar da ke fama da ƙarancin ruwa. Yawaitar ciwon ƙoda a Gashuwa ta jihar Yobe, wanda ya daɗe yana jan hankalin hukumomi da masu bincike, ya isa ya sa kowane yankin noma a Arewa ya binciki kansa.

Cikin kayan gida akwai waɗanda haɗarinsu ke bin halin mai sha. Gemun masara, wanda Sinawa ma ke dafawa da sunan yumixu, yana ƙara fitsari, amma yawan fitsari ba shi ne ƙaruwar ƙarfin tacewa ba. Zoɓo mara sukari yana ɗan sauke hawan jini. Kanwa, wadda ake jefawa a jiƙe-jiƙe da dama, sinadarin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, irin wanda ke cikin gishiri, don haka ba ta dace da mai hawan jini ko mai kumburi ba. Dafaffen ganye mai kauri, ko na zogale ne, yana ɗauke da fotasiyam, wanda lafiyayyar ƙoda ke fitarwa ba wahala, amma idan ta gaza sai ya taru har ya iya tsayar da zuciya. Abin da ya zama abinci ga mai lafiya yana iya zama ajali ga wanda ake yi wa wankin ƙoda.

4.5 Lambar Hukuma da Iyakarta

An kafa NAFDAC a 1993, kuma ita ke da alhakin sa ido kan magungunan itatuwa, na gida da na waje. Lambar da take ba yawancinsu, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce ta cewa an duba lafiyar kayan gwargwadon gwajin da aka yi, ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwali ba. Shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Da Ingilishi ake wannan rubutu, da ƙananan haruffa, mai saye kuwa lambar kawai yake nema. Garin da ake ƙullawa a leda ko tsimin da ake ɗurawa a gorar ruwa ba su ma shiga wannan lissafi ba.

5.0 Shawarwari

Abu mafi sauƙi shi ne awo. Awon hawan jini da tsinken gwajin fitsari ba su fi ƙarfin asibitin karkara ba, kuma su ne ke kama ciwon tun yana ɓoye. Ya kamata duk wanda ke da hawan jini, suga ko sikila, da wanda ya taɓa fitsarin jini, ya yi su kafin ya sha kowane abu da aka ce na ƙoda ne, ya kuma gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha a gida. Masu fassara da 'yan jarida na rediyo su daina barin "wanke ƙoda" na tafiya ba bayani. "Tace jini da na'ura" ya fi kusa da abin da asibiti ke yi. Gargaɗin NAFDAC kuma a buga shi da Hausa, da boko da ajami.

Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya na Funtuwa da Malumfashi su ne suka san inda ake haƙo duman dutse da haɗe-haɗen da ake saka shi, don haka da su za a yi aikin, ba a bayansu ba. Abin da ake buƙata shi ne a tattaro samfurin saiwar da garin daga kasuwannin Funtuwa, Bakori, Ɗandume da Malumfashi, tare da kafson Sin da ake sayarwa da sunan ƙoda, a tantance tsiron, a auna sinadarin aristolokik da ke ciki.  Tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin magungunan itatuwa, kuma daga Funtuwa zuwa Samaru, inda jami'ar take, bai kai tafiyar awa biyu a mota ba.